TARIHIN TASWIRAR RAMIN MA'ADINAI: DAGA TAKARDAR FIR'AUNA ZUWA MUTUM-MUTUMI

  Muna rubuto wannan shafi ne daga Gallabat ta jihar Gadarif, a bakin iyakar Sudan da Habasha.

Garinmu ba a san shi da haƙar ma'adinai ba. An san shi da kasuwar kan iyaka, da noman riɗi da dawa, da kuma kasancewarsa zango tun ƙarni na 18, lokacin da Takarir, wato mutanen yamma masu nufin Makka, suka kafa mazauni a nan. An kuma san shi da yaƙin watan Maris na 1889, inda Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya sami raunin da ya zama ajalinsa a karonsa da rundunar Mahadiyya. Sai dai a 'yan shekarun nan zinariya ta shigo gidajenmu ta wata ƙofa. Matasa masu yawa daga wannan jiha sun bar gona sun nufi Buɗana, ko jihar Kogin Nilu, ko tsaunukan Bahar Maliya, sun shiga sahun waɗanda a nan ake kira dahhaba, masu neman zinariya da ƙarfin damtsensu. Wasu sun dawo sun gina gida sun yi aure. Wasu kuwa labarinsu kawai ya dawo.

Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin wani abu da ba a cika kula da shi ba, wato taswirar cikin rami. Duk wanda ya bi tarihin haƙar ma'adinai da natsuwa zai ga darasi guda yana maimaita kansa. Ramin da mutum ya haƙa da hannunsa ya san lungunansa, yana kuma kaffa-kaffa da shi. Wanda ya fi halaka mahaƙa shi ne ramin wani da ya riga su, ya gama nasa ya tafi bai bar rubutu ba. Wannan buƙatar ce ta haifi taswirar rami, ita ce kuma a zamaninmu ta haifi mutum-mutumin da ake turawa ya zano ta.

Taswirar sarki

Ɗaya daga cikin mafiya daɗewar taswirorin ma'adinai da suka wanzu a duniya daga wannan kwari namu na Nilu ta fito. An zana ta wajen shekara 1150 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a zamanin Fir'auna Ramsis na Huɗu. Wanda ya zana ta wani magatakarda ne mai suna Amennakht, marubucin ma'aikatan da ke sassaƙa kaburburan sarakunan Masar. Takarda ce ta ciyawar ruwa, tsawonta ya kusa mita 3, tana nuna wajen kilomita 15 na kwarin Hammamat da ke hamadar gabashin Masar. Ya shafa wa duwatsu launi daban-daban gwargwadon irinsu, ya nuna inda ake fasa dutsen sassaƙa, da tsaunin da ake samun zinariya, da gidajen ma'aikata, da rijiya, da hanyoyin da suka ratsa wurin. Yau tana ajiye a gidan tarihi na birnin Turin a Italiya.

Abin lura shi ne, wannan takarda ta tsaya a bakin rami. Ta nuna wa sarki hanyar zuwa ga dukiya, amma ba ta ce komai a kan abin da ke ciki ba. Wani marubucin Girka mai suna Agatharchides, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya bar mana bayanin cikin irin waɗannan ramuka na hamadar da ke tsakanin Nilu da Bahar Maliya. Ya siffanta fursunoni ɗaure da mari, da fitila ɗaure a goshinsu, suna bin jijiyar farin dutse duk inda ta karkata, yara ƙanana kuma suna rarrafe cikin matsatsin da babba ba zai shiga ba suna kwaso tsakuwa. Wanda ransa ba shi da daraja a wurin mai mulki, ba wanda zai ɓata tawada wajen zana masa hanyar fita.

Bayan zuwan Musulunci, kwarin Allaƙi, wanda ya taso daga arewa maso gabashin Sudan ya gangara Masar, ya zama matattarar masu neman zinariya. Malam Yaƙubi, a littafinsa na bayanin garuruwa da ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 9, ya ambace shi a matsayin wuri mai jama'a da kasuwanni. Daga baya albarkar ta ja baya, mutane suka watse, ramukan suka rage a buɗe. Haka kuma lokacin da Muhammad Ali Basha ya turo rundunarsa Sudan a 1820, zinariya da bayi na cikin manyan abubuwan da ya sa a gaba. Sinnar ta faɗi a 1821, dakarunsa suka zarce Fazugli. Ya ɗauko masana ma'adinai daga Turai, cikinsu har da Joseph Russegger ɗan ƙasar Ostiriya, sannan shi da kansa, yana dab da shekara saba'in, ya yi tattaki zuwa Fazugli tsakanin 1838 da 1839. Abin da aka samu bai kai abin da aka kwaɗaita masa ba. Binciken da aka yi masa ma tambaya ɗaya yake amsawa: ina dukiyar take?

Abin da ya faru a ƙasar kakanninmu

Kada wani ya ɗauka taswira baƙuwa ce a wurin mutanenmu. A 1824, da Baturen Ingila Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashe da koguna da aka zana a fadarsa, aka buga ta a Landan a 1826. Alhazan da suka ratso Borno da Wadai da Darfur har suka iso nan ma da lissafin zanguna da rijiyoyi suke tafiya, na gaba yana gaya wa na baya. Haƙar ma'adinai ita ma ba Turawa suka koya mana ba. Tun kafin zuwansu mutanen Riruwai, a kudancin ƙasar Kano, suna narka kuza suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni.

Da Turawan Ingila suka kai ga tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, sai aikin ya koma hannun kamfanoni. Hausawa suka yi ta kwarara can neman kuɗin haraji, kuma tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin kuza a kan tilas, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kamfanonin da suka rage suka naɗe tabarmarsu. Suka bar ɗaruruwan kududdufai da ramuka. Talakawan da suka gaje wurin suka shiga haƙar da ake kira loto: a nutsa rijiya, in an kai ga kuza a riƙa bin ta ta gefe. Kowa yana haƙa nasa, babu wanda ya san nisan da ke tsakaninsa da ramin maƙwabcinsa, ko da tsohon ramin da ruwa ya cika. Wannan ita ce siffar ramukan dahhaba a nan Sudan, har su ma rijiya suke kiran raminsu.

Yadda doka ta shigo, da inda ta gaza

A Turai ma sai da aka sha wuya kafin a koyi darasin. A 1556 aka buga babban littafin Agricola, wani likita Bajamushe, a kan haƙar ma'adinai, inda ya bayyana yadda ake awon rami da igiya da ma'aunin kusurwa. Babban amfanin awon a lokacin shi ne raba gardamar iyaka tsakanin masu ramuka. Sai da haƙar kwal ta bunƙasa a Ingila, mutane suka yi ta mutuwa saboda sun fasa cikin tsofaffin ramukan da ruwa ko muguwar iska ta cika, sannan hukuma ta sa baki. Dokar 1850 ta wajabta wa masu ramin kwal su ajiye taswirar aikinsu, ta 1872 kuma ta wajabta cewa duk wanda zai rufe rami ya miƙa wa gwamnati taswirarsa ta ƙarshe. A nan ne taswira ta tashi daga kayan aikin mai dukiya ta zama amanar da wanda ya tafi yake bar wa wanda zai zo. Duk da haka, ramukan da aka haƙa kafin dokar sun rage a ɓoye. A 1973, a ramin Lofthouse da ke Yorkshire, ruwan wani tsohon rami ya ɓalle wa ma'aikata, mutum bakwai suka rasu.

Abin da ya kai ga ƙera mutum-mutumin zana rami kuwa ya faru ne a Amurka. Ranar 24 ga Yuli, 2002, ma'aikata suna yankan kwal a ramin Quecreek da ke jihar Pensilbaniya. Sun san akwai tsohon rami a kusa, wanda aka rufe tun farkon shekarun 1960, ruwa ya cika shi. Taswirar da ke hannunsu ta nuna musu cewa akwai sauran wajen mita 90 na dutse tsakaninsu da shi. Ashe babu. Injinsu ya huda bango, miliyoyin galan na ruwa suka kwararo. Mutum tara suka sami hanyar tsira, wasu tara suka maƙale a zurfin mita 73. Masu ceto suka fara huda ƙaramin rami suka tura musu iska, mutanen suka riƙa buga bututun don a san suna da rai. Da ruwa ya matso, sai suka rubuta wa iyalansu wasiƙun bankwana suka rufe a bokitin abinci, suka ɗaure junansu da igiya don kada gawarwakinsu su watse. Bayan sa'a 77, ranar 28 ga wata, aka zaro su ɗaya bayan ɗaya cikin wani kejin ƙarfe, dukansu da rai.

Da hukumar kula da lafiyar ramuka ta Amurka ta yi bincike, ta ɗora babban laifin a kan taswirar da aka yi aiki da ita: ba ta da kwanan wata, babu sa hannun wanda ya tabbatar da ita, kuma ba ta nuna haƙar ƙarshe da aka yi a tsohon ramin ba. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, taswirar da ta nuna gaskiyar tana nan. An same ta daga baya a wani ƙaramin gidan tarihin kwal da ke garin Windber, cikin takardun wani tsohon sufeton ramuka da iyalinsa suka bayar kyauta. Ilmin yana nan a rubuce, amma bai isa ga mai buƙatarsa ba.

Haihuwar kuregen ƙarfe

A jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh, ba nisa da inda abin ya faru, malamai irin su William Whittaker da Sebastian Thrun suka haɗu da ɗalibansu a kan tambaya ɗaya: tunda ba za a tura mutum cikin tsohon rami ya auno shi ba, me zai hana a tura na'ura? Cikin 'yan watanni suka haɗa wata mota mai tafiya da kanta daga gaban ƙananan motocin daji guda biyu, don ta iya tafiya gaba da baya ba sai ta juya ba. Nauyinta ya kusa kilo 700. Suka sa mata suna Groundhog, sunan wani ɗan'uwan kurege mai haƙa rami a ƙasarsu. Suka sa mata ma'aunin iskar gas mai kamawa da wuta, suka rufe kayan lantarkinta cikin akwatin ƙarfe don kada tartsatsi ya tayar da gobara.

Ba su jefa ta cikin haɗari kai tsaye ba. Sun fara gwada ta a watan Oktoba na 2002 a wani tsohon rami mai suna Florence, tana ɗaure da waya, mutum yana tuƙa ta daga waje. Suka kuma gwada ta a ramin bincike na Bruceton, wanda aka riga aka san awonsa. Sai ranar 30 ga Mayu, 2003, suka sake ta ita kaɗai a ramin Mathies. Ta yi tafiyar mita 308, ta tarar da wani ƙarfen rufi ya karye ya gitta hanya, ta yanke wa kanta hukuncin komawa baya. Suka gyara abin da tafiyar ta nuna musu na rauni, suka sake tura ta sau da dama a wannan shekara.

Yadda take zana taswirar ya cancanci a tsaya a kansa. A bayan ƙasa, wayar hannu tana sanin inda take ta hanyar tauraron ɗan'adam, amma saƙon tauraro ba ya ratsa dutse, na rediyo ma da an sha kwana ɗaya ko biyu sai ya yanke. Don haka na'urar kamar makaho take da sandarsa, sai dai sandarta haske ce. Tana harba siririn hasken leza zuwa bango, ta auna ɗan lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta san nisan. Tana yin haka sau dubbai, dama da hagu da sama, har ɗigogin su haɗu su fitar da siffar ramin a cikin kwamfuta. Wahalar ita ce, ba za ta iya ɗora sabon awo a gurbinsa ba sai ta san inda take tsaye, kuma ba za ta san inda take tsaye ba sai da taswira. Saboda haka take yin biyun a tare: in ta matsa gaba kaɗan, sai ta gwama abin da take gani yanzu da wanda ta gani ɗazu, ta ƙiyasta tafiyar da ta yi. Kowane ƙiyasi yana da ɗan kuskure, kuma kuskuren taruwa yake yi. Maganinsa shi ne ta zagayo ta dawo wurin da ta taɓa wucewa. Da ta gane shi, sai ta koma ta daidaita lissafin tafiyar gaba ɗaya, kamar yadda madugu ke gyara ƙidayar kwanakinsa in ya iso rijiyar da ya sani.

Daga nan aikin ya yi rassa. Wannan jami'a ta ƙera wata siririyar na'ura mai suna Ferret, wadda ake zurawa ta ramin burtsatse ta leƙa kogon da ke ƙasa ta auno shi. A Turai, tsakanin 2016 da 2019, an ƙera wata mai siffar ƙwallo da ake kira UX-1, mai nutso cikin ramukan da ruwa ya cika, har ta shiga ramin tagulla na Ecton a Ingila, wanda ruwa ya rufe tun tsakiyar ƙarni na 19. A watan Satumba na 2021 kuma, hukumar binciken soja ta Amurka ta kammala wata gasa a wani babban kogo da ke Louisville, inda ƙungiyar CERBERUS ta ci dala miliyan 2 da na'urori masu ƙafa huɗu da ƙananan jirage marasa matuƙi.

Namu asarar

Yayin da ake wannan ci gaba, a wajenmu ramuka ƙaruwa suka yi. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai ƙasa ta jingina da zinariya, kuma mafi yawanta daga hannun dahhaba take fitowa. A 2013, a Jabal Amir da ke Darfur ta Arewa, rijiyoyin da aka haƙa kusa da juna suka rufta, gomman mutane suka halaka, har da wasu daga cikin waɗanda suka shiga ceto. A watan Nuwamba na 2021, a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi a Nijar, aƙalla mutum 18 suka rasu a ramin zinariya. Wata guda bayan haka, a Disamba, mutum 38 suka rasu a Kurdufan ta Yamma, a wani ramin da hukuma ta riga ta rufe, mutane suka sake komawa cikinsa. Kafin waɗannan duka, a 2010, yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da gubar dalma, iyayensu ba su sani ba. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai abin da, da an auna an rubuta an sanar, da an sami damar kaucewa.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya, al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, shi ke ba da shi ga wanda ya ga maslaha, kuma wanda aka damƙa wa iko a kan abu an ɗora masa sanin halin da yake ciki. Sun kuma yi bayanin cewa wanda ya haƙa rijiya a inda ba shi da izini, wani ya faɗa, akwai lamuni a kansa. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Don haka rubuta rami da sanar da haɗarinsa aiki ne da ke da tushe a cikin abin da muka karanta tun a zaure.

In za a shirya irin wannan aiki a wajenmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan wata rana ɗalibanmu na Jami'ar Gadarif ko wata jami'a, ko wata ƙungiyar mahaƙa, suka tashi shirya aikin zana ramuka da na'ura, tarihin da muka kawo ya riga ya jera musu matakan.

Farkon abin da za a tsayar shi ne manufa. Taswirar da ake so ita ce mai nuna inda ƙasa ta zama kogo, da inda ruwa ya taru, da kaurin bangon da ya rage tsakanin rijiya da rijiya. Dole a faɗi wannan a fili a gaban masu ramuka, domin tsoron da zai fara zo musu shi ne kada a zano jijiyar zinariyarsu a miƙa wa kamfani ko wani mai bindiga. A ƙasar da yaƙi ke ci tun watan Afrilu na 2023, kuma zinariya tana cikin abin da ake yaƙin a kansa, wannan tsoro yana da dalili. In ba a kawar da shi da yarjejeniya a gaban dattawa ba, babu mai barin a zura na'ura a raminsa.

Na biyu, daftari ya riga na'ura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zauna da tsofaffin mahaƙa a rubuta abin da ke kansu: wace rijiya aka fara nutsawa, gaba nawa ne zurfinta, ta ina reshenta ya nufa, yaushe aka bar ta, kuma don me. A ba kowace rijiya lamba, a ɗauki matsayin bakinta da wayar hannu. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma shi zai nuna inda ya fi cancanta a fara.

Na uku, a zaɓi na'ura gwargwadon rami. Groundhog an yi ta ne don faffaɗan ramin kwal mai shimfiɗaɗɗiyar hanya. Rijiyar dahhaba kuwa matsattsiya ce, a tsaye take sauka, sannan ta yi rassa masu karkace-karkace da mutum ke bi da rarrafe. Abin da ya dace da ita ya fi kama da Ferret: ƙaramin ma'aunin leza da kyamara da ma'aunin iska, a zura su da igiya daga kan sandunan da ake jawo buhun dutse. Masu haƙar rijiya a gargajiyance sukan zura fitila kafin su sauka, in ta mutu sun san iskar ba ta da kyau. Wannan jikar waccan fitilar ce. Don shiga rassa kuwa, sai ƙaramar mota mai ɗaure da waya, wadda in ta maƙale za a jawo ta. A lissafa ƙura da zafi, domin ƙura tana ruɗa leza, zafi kuma yana cin batir. A tanadi faifan hasken rana na caji, a kuma zaɓi kayan da mai gyaran waya a kasuwar Gadarif zai iya buɗewa ya gyara.

Na huɗu, a yi gwaji a ramin da aka sani. A auna wata rijiya mai aminci da igiya da tef, sannan a zura na'urar a gwama sakamakon biyu. In sun saɓa, a nemo dalili kafin a ci gaba. Taswirar ƙarya ta fi rashin taswira haɗari, domin marar taswira yana tafe yana tsoro, mai ta ƙarya kuwa gabansa gaɗi yake yanka, kamar yadda ya faru a Quecreek. A kuma ƙulla ƙa'ida tun farko cewa in na'ura ta maƙale a wuri mai haɗari, ba wanda zai sauka ɗauko ta. An kawo ta ne don ta fanshi mutum.

Na biyar, kuma mafi nauyi, shi ne ajiya. Kowace taswira ta ɗauki kwanan wata da sunan wanda ya auna da wanda ya shaida. A buga ta a takarda, a yi mata bayani da Larabci da harshen da mahaƙan wurin suke ji, a liƙa ɗaya a inda suke taruwa, ɗaya ta zauna wurin shugaban mahaƙa, ɗaya wurin hukuma. A riƙa sabunta ta bayan kowace damina, domin ruwa yana sauya cikin ƙasa, mahaƙa kuma kullum ƙara gaba suke yi. Wanda zai bar rijiyarsa ya zo a rubuta inda ya tsaya kafin ya tafi.

Mun san a halin da ƙasa take ciki wani zai ce wannan zance ya yi nisa da mai neman abin da zai ci yau. Gaskiya ne na'urar tana buƙatar kuɗi da zaman lafiya. Amma mataki na farko da na biyu da na biyar ba sa jiran ko ɗaya. Littafi suke buƙata da alƙalami da amintaccen mutum. Kakanninmu sun ratso Afirka daga yamma zuwa gabas da ƙafa saboda na gaba bai ɓoye wa na baya inda rijiya take da inda haɗari yake ba. Muna kira ga shugabannin mahaƙa, da 'yan'uwanmu da ke ramukan Sudan da Nijar da Nijeriya, su raya wannan ɗabi'a a ƙarƙashin ƙasa, su fara rubuta ramukansu tun yau, don ranar da na'urar za ta iso ta tarar da daftarin da za ta ɗora a kai.

Allah Ya tsare matasanmu a duk inda suke neman halal, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya.